Jinginar Gida ga Banki Ba Tare da Takardar Shaidar Mallaka Ba: Halin da A Ke Ciki a Wurno, Rabah da Goronyo



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ba ni damar yin magana a kan al'amarin da ya shafi kusan kowane magidanci a gabashin Jihar Sakkwato. Tambayar da zan yi ƙoƙarin amsawa ita ce: mutumin da ya ke da gida a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ya gada ne, ko ya saya, ko ya gina da guminsa, amma ba shi da takardar shaidar mallaka mai ɗauke da sa hannun Gwamna, shin yana iya jinginar da gidan nan ga banki ya karɓi rance? Amsar a taƙaice ita ce, da wuya ƙwarai. Amma fa hanya ba ta toshe gaba ɗaya ba. Kafin mu kai ga hanyar, wajibi ne mu san yadda aka yi mutum ya zama yana da gida a idon dukan mutanen garinsu, alhali kuwa a idon banki ba shi da kome.

Asalin Mallakar Ƙasa a Wannan Yanki

Garuruwan nan uku kowanne yana da abin da zai koya mana. Wurno ribaɗi ne wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, ya zauna a cikinsa, a nan kuma ya rasu a shekarar 1837, aka rufe shi. A tsarin ribaɗi shugaba ne ke yanka wa mutum wurin zama da wurin noma, bisa sharaɗin ya zauna ya raya wurin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan wannan batu, watau Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ya ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. Tun daga wancan zamani fili yana sauya hannu ta hanyar gado, da saye, da kyauta, da aro, da jingina. Shaidar kowanne kuwa ita ce mai unguwa, da hakimi, da maƙwabta, wani lokaci da 'yar takardar alƙali ta Larabci ko ajami.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya shaida wa manyan gari cewa ikon ƙasa ya koma hannun Gwamnatin Ingila. A 1910 aka kafa dokar da ta sanya dukan ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna, domin amfanin 'yan ƙasa, aka sake tsara ta a 1916. Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda Rabah ce mahaifarsa, ta kafa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962 a kan wannan harsashi. A duk dokokin nan haƙƙin zama iri biyu ne: na takarda, wanda Gwamnati ke bayarwa, yawanci ga kamfanoni da baƙi da mazauna unguwannin Turawa, da kuma na gargajiya, wanda talaka ke riƙe da shi ba tare da ya taɓa cika fom ba. Mutumin Wurno bai nemi takarda ba domin babu wanda ya taɓa tambayarsa ita.

Dokar 1978 da Abin da Ta Tanada

Ran 29 ga Maris 1978 Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka. An cusa ta cikin Tsarin Mulki na 1979, haka kuma cikin na 1999 a sashe na 315, saboda haka ba a iya gyara ta sai ta hanyar da a ke gyara Tsarin Mulki, watau sai Majalisar Tarayya ta amince, sa'an nan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su goyi baya.

Dokar ta damƙa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Ta raba ƙasa kashi biyu. Wuraren da Gwamna ya ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashin ikonsa kai tsaye, sauran kuwa suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukuma, wadda ta ke da ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Gwamna shi ke ba da haƙƙin zama na doka, ko a birni ko a ƙauye, shi ne kuma ke sa hannu a takardar shaida. Ga gidan zama, yawanci wa'adin shekara 99 a ke bayarwa.

Sashe biyar ne suka fi shafar maganarmu. Sashe na 34 da na 36 sun ce wanda ya ke riƙe da gininsa tun kafin 1978 zai ci gaba da riƙonsa tamkar an ba shi haƙƙin zama. Ke nan rashin takarda bai raba kowa da gidan ubansa ba, kuma ya kamata jama'a su san haka. Sai dai sashe na 22 ya hana mai haƙƙin zama na doka ya sayar ko ya jinginar sai da yardar Gwamna, sashe na 21 kuma ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan haƙƙin gargajiya, inda a ke neman amincewar Ƙaramar Hukuma. Duk cinikin da aka ƙulla ba bisa wannan ƙa'ida ba, sashe na 26 ya ce ɓatacce ne.

Dalilan da Su Ke Sa Banki Ya Ƙi

Banki da kuɗin mutane ya ke ciniki. Kafin ya ba da rance yana so ya tabbatar da wane ne mai gidan, ina iyakarsa ta tsaya, ko an riga an jinginar da shi ga wani, kuma in biya ya gagara ko za a iya sayar da shi. Takardar shaidar mallaka tana da taswirar safiyo, tana da lamba a littafin rajista na Ma'aikatar Filaye, inda lauyan banki zai je ya bincika, ya kuma sa a rubuta jinginar don kowa ya gani. Takardar ciniki mai hatimin hakimi tana da daraja a gari da gaban alƙali, amma ba ta da gurbi a wancan littafi. Mutum ɗaya yana iya kai ta ga masu ba da rance uku, babu wanda zai san da ɗan'uwansa.

Bankuna sun koyi darasi mai ɗaci a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Mutumin ya mallaki gidansa a Ikko tun kafin dokar 1978, ya jinginar da shi ba tare da an nemi yardar Gwamna ba. Da bankin ya tashi sayar da gidan, sai mai gidan ya garzaya kotu ya ce jinginar ɓatacciya ce, kotu kuwa ta ba shi gaskiya, ta ce har wanda doka ta ɗauka tamkar an ba shi haƙƙin zama sai ya nemi yarda. Daga baya, a shari'ar Awojugbagbe ta 1995, kotun ta sassauta, ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya tun kafin yardar ta fito, amma ba ta kankama sai ta fito. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga lokacin babu manajan da ke sakin kuɗi kafin ya ga takarda da sa hannun hukuma.

A yankinmu akwai ƙarin dalilai. Yawancin gidajen cikin gari na gado ne da ba a raba ba, inda 'ya'ya da jikoki da gwauraye ke zaune a sassa dabam-dabam, ƙofar zaure ɗaya. Da yawa ginin ƙasa ne, wanda mai kimanta dukiya ba ya ba shi daraja sosai, kamfanin inshora kuma ba ya son ɗaukar nauyinsa. Sa'an nan ga ruwa. Madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984, ta kawo noman rani da arziki, amma ambaliyar watan Satumba na 2010 ta rushe gidaje masu yawa a Goronyo da Wurno da garuruwan da ke bakin gulbi. Ga kuma rashin tsaro, wanda harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ya nuna wa duniya girmansa. Garin da mutane ke ƙaura daga cikinsa gida ba ya tsada. Abu na ƙarshe shi ne kunya da zumunci: in banki ya yi gwanjon gidan wani a Wurno, wane ne cikin maƙwabta zai fito ya saya, ya kori iyalin da suka tashi tare? Banki ya san da wannan sarai.

Lissafin Ma'aikaci

Bari mu juya ga ma'aikatan Gwamnati, domin ku ne doka ta yi wa tanadi na musamman. Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya an kafa shi a 1977. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ma'aikacin da ke cikin tsarin ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda ya yi wata 6 yana zubi yana da damar neman rance ta hannun bankin rancen gidaje mai lasisi, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin wa'adin da zai iya kai shekara 30, gwargwadon shekarun da suka rage masa a aiki.

Mu ɗauki misalin malamin makaranta a Rabah da ke son Naira miliyan 5 ya sāke gidansa da bulo da kwano. A kan kashi 6, cikin shekara 20, zai riƙa biyan wajen Naira 36,000 a wata. Tun da ƙa'ida ita ce kada biyan ya wuce sulusin albashi, sai albashinsa ya kai wajen Naira 108,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 Naira 70,000 ne. In kuwa ya je bankin kasuwanci aka sa masa kashi 25, abin da ba baƙo ba ne tun da ma'aunin Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, to, biyan wata zai kai wajen Naira 105,000. Kun ga ashe rancen Asusun Gidaje ne kaɗai ke kusa da ƙarfinsa. Amma wannan rance ma sai da takardar mallaka wadda za a iya yi wa rajistar jingina. Sakamakon haka shi ne, ma'aikacin ƙauye yana iya yin shekara 35 yana zubi, ya yi ritaya bai ci moriyar rancen ba, sai dai a mayar masa da abin da ya tara bayan hauhawar farashi ta cinye darajarsa, kuɗinsa kuwa sun gina wa wasu gidaje a manyan birane.

Haka abin ya ke ga tanadin da Hukumar Fansho ta fitar a watan Satumba na 2022, wanda ya ba ma'aikaci damar ɗibar kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa don biyan kason farko na rancen gida. Sai an sami rancen tukuna, rancen kuwa sai da takarda. Wanda ke gudun riba yana iya zuwa bankunan da ba sa cin kuɗin ruwa, irin su Jaiz, wanda ya buɗe a 2012, da TAJ, wanda ya buɗe a 2019, inda a ke bin hanyar haya mai ƙarewa da mallaka ko sayarwa da riba sananniya. Su ma suna neman takardar. Wannan bai saɓa wa fiƙihu ba, gama aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, magana ce a kan rubuta bashi da kafa shaidu, wadda ke biye da ita kuma ta ambaci jingina. A mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi abin a hannunsa. Gida ba ya ɗaukuwa, saboda haka a wannan zamani takardar da rajistarta su ne suka tsaya a madadin riƙon.

Hanyoyin da Suka Rage

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace inganci, ita ce neman takardar. Mai gida ya fara zuwa Ma'aikatar Filaye a Sakkwato ya tabbatar ko filinsa ya faɗa cikin yankin da aka ayyana birni ko kuwa yana hannun Ƙaramar Hukuma. Ya tara shaidar asalin mallakarsa: takardar ciniki, ko hukuncin rabon gado daga kotun Shari'a, da wasiƙar hakimi da ta uban ƙasa. Sa'an nan ma'aikatan safiyo su auna, su kafa turakun siminti, a zana taswira, a duba ko ginin bai shiga hanya ko magudanar ruwa ba, a biya kuɗin ƙasa da na rajista. Wanda ke da takardar Ƙaramar Hukuma yana iya neman a mayar da ita ta Gwamna. Abin yana cin kuɗi da lokaci da zirga-zirga. Ina ba da shawara kowane kwabo a biya shi a asusun Gwamnati a karɓi rasit, a kuma guji dillalan bakin ofis.

Hanya ta biyu ita ce rancen da albashi ke tsaya masa, kamar rancen gyaran gida na Bankin Rancen Gidaje na Tarayya, wanda a ke cirewa daga albashi ta hannun wurin aiki, da kuma rancen ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata. Kuɗin ba su da yawa, amma sun dace da yadda mutanenmu ke gini, ɗaki bayan ɗaki. Ta uku, ɗan'uwa mai takarda yana iya jinginar da nasa gidan a madadin mai neman rance, sai dai wanda zai yi wannan alheri ya sani cewa gidansa ne zai tafi in biya ya gagara. Ta huɗu ta shafi manoma da 'yan kasuwa: dokar 2017 ta jinginar kayan da ke motsi, tare da rajistar da Babban Banki ke kula da ita, ta ba da damar a kafa shanu, ko injin ban ruwa, ko buhunan shinkafa da albasa a matsayin jingina. Manomin fadamar Wurno ko na aikin noman rani na Rima ta Tsakiya da ke neman jarin taki ba shi da dalilin sa ɗakin kwanan iyalinsa cikin haɗari.

Gargaɗi

Takarda tana da nata haɗari. Sau da yawa babban wa, ko wanda ya yi boko a gidan, shi ke zuwa Sakkwato ya fitar da takardar gidan gado da sunansa shi kaɗai. In ya jinginar ya kāsa biya, rabon mata da marayu ya bi ruwa. Gaskiya ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, ta ce takardar shaida ba ta ba mutum haƙƙin da ba shi da shi tun asali, kuma ana iya rushe ta. Amma wace gwauruwa ce a Goronyo ke da ƙarfin bin shari'a shekara da shekaru? Saboda haka a raba gado tukuna, ko kuwa a rubuta sunayen magada duka.

Kada kuma mu ɗauka takarda kaɗai za ta buɗe taskar banki. Masanin tattalin arziki na ƙasar Peru, Hernando de Soto, ya yi suna a shekarar 2000 da ra'ayin cewa gidajen talakawa marasa rajista dukiya ce a kwance. Ƙasarsa ta raba takardu fiye da miliyan ɗaya tun daga 1996, amma binciken da ya biyo baya ya nuna bankunan kasuwanci ba su ƙara ba talakawa rance yadda aka zata ba, domin abin da mutum ke samu a wata shi su ke fara dubawa. Babban amfanin takarda shi ne kwanciyar hankali: kariya daga rikicin iyaka, hujja ga wanda ya gudu daga garinsu ya dawo, da madogara wajen neman diyya in Gwamnati ta karɓi fili. Rikicin Bakolori na watan Afrilu 1980, inda manoma suka rasa rayukansu a kan maganar gonaki da diyya, ya isa ya zama izina.

Shawarwari da Kammalawa

Kwamitin gyaran harkar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya ƙiyasta cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Ya ba da shawarar Gwamnati ta riƙa bin gari unguwa-unguwa tana aunawa gaba ɗaya, maimakon jiran kowa ya kawo kansa, aka kuma gwada haka a Kano da Ondo. Ruwanda ta bi wannan hanya ta auna filaye fiye da miliyan 10 cikin 'yan shekaru. Maƙwabtanmu na Nijar, tun dokar karkara ta 1993, suna da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, da sarakuna a ciki, waɗanda ke ba da takardar shaidar riƙon gargajiya.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar gyaran Tsarin Mulki. Sashe na 45 ya ba Gwamna damar wakilta Kwamishina ya sa hannu a madadinsa, abin da zai rage jira. Ƙananan Hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo suna iya buɗe littafin rajista mai taswira, wanda kowa ke iya dubawa, tare da Sarkin Sudan na Wurno da sauran iyayen ƙasa da alƙalai a matsayin shaidu. A sauƙaƙa kuɗin takardar farko ga gidajen cikin gari, gama abin da Gwamnati ta rasa a yau za ta mayar da shi ta kuɗin ƙasa na shekara-shekara.

Ku kuwa ɗalibai, musamman masu karatun lauya da safiyo da labarin ƙasa, in kun koma gida hutu ku tambayi iyayenku ina takardun gidanku su ke, ku adana su, ku rubuta iyakoki tun tsofaffin da suka san su suna raye. Ku ma'aikata, fayil ɗin da ya kwana wata shida a kan teburinku rufin ɗakin wani ne damina ta tarar bai yi ba.

 Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu.